Wanzamin Birnin Saiwoyi

Akwai wani birni a ƙarƙashin gonakin Gangaren Dashi, kuma ba wanda ya san da shi a garin sai ranar da ƙasa ta haɗiye Anaruwa. Ku gyara zama ku ji yadda aka yi.

Anaruwa manomi ne. An haife shi ana tsuga ruwa, shi ya sa aka raɗa masa wannan suna, amma a shekarun baya-bayan nan sunan ya koma abin tsokana, don ruwan ya daina zuwa kan lokaci. Wata shekara ya makara. Wata shekara ya zo a fusace yini ɗaya, ya rushe katangu, ya tafi ya bar sama fayau. Rabin mutanen garin sun ɗaure kaya sun koma birni. Waɗanda suka rage kuwa suna zaune a rumfar mai shayi suna ta cewa duniya ta gaji haka, sai haƙuri. Haƙurin nasu bai taɓa ɗaga ko fartanya ba, bai kuma taɓa tambayar dalilin kome ba.

Abin alfaharin Anaruwa shi ne sassabe. In bazara ta yi, zai bi gonarsa da adda, duk kututturen da ya yi toho ya fille shi, ya tara ya cinna wuta, har gonar ta fita tas kamar tafin hannu. Dattawa kan kawo 'ya'yansu su nuna musu su ce haka gonar namiji take. Matarsa Tabawa ce kaɗai ba ta burgewa, domin ita ke yin tafiyar rabin yini neman itacen girki. Takan ce masa, "Maigida, gonarka ta fi tsakar gidana tsabta, kuma abin da suke haifarwa kusan ɗaya ne."

A wannan shekara irin geron da ya gada daga kakansa saura ƙwarya ɗaya. Da ya ga lokacin da aka saba ya yi, sai ya yi binne, wato ya zuba irin a busasshiyar ƙasa ya rufe, ya jira ruwan fari ya zo ya tashe shi. Ruwa bai zo ba. Rana ta yi ta gasa ƙasa, tururuwa ta yi ta tono. Tabawa ta ɗaure tukwanenta a zane ta ajiye bakin ƙofa, ta gaya masa ba da faɗa ba cewa ranar da irin nan ya mutu, ranar za su bi sahun waɗanda suka tafi.

Da safe ya je duba gona, sai ya hangi wani ɗan tohon kalgo ya leƙo daga jikin kututture. Ransa ya ɓaci. Ya ɗaga adda, kafin ya sauke ta, sai ƙasa ta buɗe, ya zurma.

Ya faɗo tsakiyar wata kasuwa. Gidajen birnin duk na saiwa ne, titunansa masu sanyi da ƙanshin ƙasar da ta sha ruwa. Mutanen wurin dogaye ne, gemunsu har ƙasa, amma kowa kansa ƙwal, cike da tabon sara. Suna ganin addar hannunsa sai kasuwa ta watse, kowa ya dafe kai yana raɗa wa na kusa da shi cewa Wanzami ya zo. Dogarai suka tasa shi gaba har fadar Magajiya Aduwa, wata tsohuwa da ke zaune kan karagar saiwa, maganarta da ƙaya kamar jikinta.

Ta ce, "Kai ne Anaruwa ɗan Jatau, mai yi mana aski kowace bazara ba tare da mun kira shi ba?"

Ya durƙusa ya ce, "Ranki ya daɗe, ni ne. Amma ni gona nake sharewa, ban san kan kowa nake taɓawa ba."

Magajiya ta gaya masa cewa itatuwan da aka sare a gonakinsu ba su mutu ba, ƙasa suka sauko suka kafa wannan birni. Kowace shekara sukan leƙo da kawunansu don su yafuto ayarin ruwa, saboda ayarin ba ya sauke kaya sai inda ya ga inuwa. Suna leƙowa sai su ji adda. Anaruwa ya so ya kare kansa, ya ce ai kowa ya san itace na cinye abincin gero, yana kuma tara tsuntsaye. Fada ta fashe da dariya, har wani tsohon Gawo ya ƙware. Shi ne ya tuna masa cewa geron kakansa a gindin gawo ya fi yin zangarniya.

Daga nan Magajiya ta nuna masa sama da sandarta. Ya ɗaga kai ya ga irinsa jere a rufin birnin kamar duwatsun wuya, sun fara yanƙwanewa, tururuwa na jan na gefe.

Ta ce, "Za mu sake leƙawa sau ɗaya, albarkacin kakanka. Kai kuma za ka tafi gabas ka kira Madugun Hadari. Ba ya sauraron wanda ba shi da inuwa, don haka za ka ɗauki ɗaya daga cikinmu a ka. In ka fille shi, ƙofar nan ta rufe har abada, irinka kuma ya zama abincin tururuwa."

Ya ce ya yarda. Nan take aka kawo aska, kuma bai taɓa ganin mutane suna rige-rigen yin aski kamar na ranar ba. Suka yi masa tal, suka dasa masa ɗan tohon kalgon da ya so sarewa a tsakar ka. Tohon ya kama, ya yi miƙa, ya ce da shi sannu da aiki.

Suka sa shi cikin wata doguwar saiwa mai rami, ta furzar da shi a Ƙasar Tafkin da ya Gudu. Nan jirage ne kife a kan rairayi iyakar ganin ido. 'Yan ruwa, aljanun da ke zama cikin tafki, suna kwance ƙarƙashin jiragen suna fifita, fatarsu ta tsattsage kamar faso. Kafin nan kalgon ya yi girma har ya kai faɗin malfa, ya kuma fara ƙaiƙayi irin wanda ke sa mutum ya so tsige kansa. Anaruwa ya cije. 'Yan ruwan suka taru a inuwarsa suna godiya, awakinsu kuma suka kewaye shi suna miƙe wuya, sai da ya yi ta rawa da tsalle kafin ya tsira da ganyensa. Sarkinsu ya gaya masa cewa a da nan ne babban zangon ayarin ruwa, inda jakuna ke hutawa, amma zafi ya yi ta shanye tafkin har ya tattara ya gudu, masunta da makiyaya suka koma faɗa a kan ɗan abin da ya rage. Ya ba shi aron jirgin da ke tafiya a kan kawalwalniya, ya roƙe shi in ya ga Madugu ya ce suna gaisuwa.

Jirgin ya yi ta gudu bisa hasken ruwan ƙarya har ya faɗa ruwan gaske. Wani gari ne ruwa ya shanye, mutanensa suna zaune a kan rufin ɗakuna da tumakinsu da tabarminsu. Da suka ji ruwa zai je kira, saura kaɗan su jefe shi. Suka ce abin da ya kamata a raba wa ƙasa guda cikin damina guda, shi aka juye musu a wuni ɗaya. Wata mata da ke rufin ƙarshe ta dube shi, ta dubi itacen da ke kansa, ta ce tana da gari da tukunya amma ba ta da ko tsinken da za ta hura wuta, yaranta kuma tun jiya ba su ci kome ba.

Anaruwa ya rasa yadda zai yi. In ya sare, irinsa ya mutu. In ya wuce, ya bar yara da yunwa. Sai kalgon ya sunkuyo ya ce masa a kunne, "Wanzami, ba askin muka ƙi ba, kwalkwabo muka ƙi. Rage rassan ƙasa, ka bar mini kaina." Ya zaro adda ya rage rassan ƙasa a hankali ya miƙa wa matar. Kalgon ya ƙara tsawo nan take, ƙaiƙayin ma ya lafa. Anaruwa ya tuna da tafiyar da Tabawa ke yi neman itace.

Daga garin hanya ta miƙe sama. Wannan ita ce Hanyar Zafi. Wani baƙin hayaƙi ne shimfiɗe a samanta kamar bargo bisa bargo, zafi in ya shigo ba ya samun hanyar fita. Takalmansa suka narke, addarsa ta yi zafin da ba ta riƙuwa, tsuntsayen da ke bin hanyar suna tafiya a ƙasa baki buɗe. Ba don inuwar kalgon ba, da bai kai ko rabi ba. A ƙarshen hanyar ya tarar da ayarin. Jakunan gizagizai ne, baƙaƙe, suna haki, kowanne da salkunan ruwa da suka kumbura fiye da ƙima. A tsakiya ga Madugun Hadari zaune, wani ƙaton aljani mai rawanin da walƙiya ke gilmawa a cikinsa.

Anaruwa ya yi sallama ya ce, "Gafara Madugu, uban tafiya. Ni Anaruwa ne daga Gangaren Dashi. Irina na ƙarshe yana cikin ƙasa, na zo in ji abin da ya tsare ku."

Madugu ya amsa da murya kamar tsawar nesa, "Maraba da mai inuwa. Mu 'yan dako ne, ruwa na Ubangiji ne. Amma dubi hanyar da aka bar mana."

Ya gaya masa cewa hayaƙin nan daga manyan birane yake tasowa, na nesa da na kusa, daga masana'antu da motoci da wutar da ba ta mutuwa. Shi ya ɗumama teku, har salkuna ke cika fiye da yadda jaki zai iya ɗauka. Shi ya ƙona zangunan da suke hutawa. Don haka suke makara, in kuma gajiya ta ci ƙarfin jaki sai ya yar da kaya duk inda ya ga dama, ko a kan gidan wa.

Ran Anaruwa ya ɓaci. Ya ce shi ko babur bai mallaka ba, waɗanda suka turnuƙe hanyar suna zaune a ɗakuna masu sanyi, shi kuma aka bar shi da ƙwarya ɗaya ta iri.

Madugu ya ce, "Gaskiya ka faɗa, kuma magana ce da ya kamata ku 'yan Adam ku faɗa wa junanku da babbar murya, ku yi ta faɗa har a ji. Wannan laifin mafi yawansa ba naku ba ne. Amma zo ka ga naku."

Ya yaye gefen wani girgije. Anaruwa ya leƙa ya ga ƙasarsu daga sama, gonaki farare tas, ɗaya manne da ɗaya. Madugu ya ce sun sha wucewa ta nan suna neman Gangaren Dashi da suka sani, mai gawo da kalgo da sabara, sai su ga wannan farin fili su ɗauka hanya ce. Ya tambaye shi ko ya taɓa ganin madugun da ya sauke kaya a tsakiyar hanya. Anaruwa ya nemi gonarsa, ya gane ta nan da nan, don ita ta fi kowacce fari.

Ana cikin haka sai wasu ɗigo-ɗigon kore suka fara fitowa a cikinta. Mutanen Birnin Saiwoyi sun cika alkawari. Madugu ya buga tsawa, ayari ya tashi, aka ɗora Anaruwa kan jakin gaba. Ya isar da gaisuwar 'yan ruwa, suna tafe yana ta murmushi yana lissafin abin da zai gaya wa Tabawa.

Da suka matso sai murmushin ya gushe. Ɗigon koren suna ɓacewa ɗaya bayan ɗaya daga gefen yamma. Ya ƙura ido ya ga jerin maza da adduna, da makaɗi a bayansu. Abin da ya faru shi ne, maƙwabta sun ga Anaruwa ya ɓata, sun kuma ga gonarsa ta cika da toho, kunya ta kama su a madadinsa. Suka ce ba za a bar gonar gwanin sassabe ta zama abin nuni ba. Sarkin Noma Barmo ya kira gayya, kowa ya fito don zumunci, suna sara suna waƙar yabon Anaruwa.

Madugu ya ce, "In koren nan ya ƙare kafin mu iso, jakuna ba za su tsaya ba. Kuma ba ni da tabbacin kan wa za su yar da kayan."

Anaruwa ya yi ta ɗaga hannu yana kira, amma wa zai ji mutum daga cikin gajimare? Sun ci rabin gona. Sai ya ga jerin ya tsaya cik. Tabawa ce ta iso da ƙatuwar ƙwaryar fura tun lokacin hutu bai yi ba. Ita tun da ta ga tohon take lissafin itacen girki da ganyen awaki a bakin ƙofa, amma ta san ba mai sauraron mace a kan sassabe. Don haka ta rantse ba wanda zai ƙara sara sai ya sha furarta, sannan ta ba su haƙuri cewa ludayi ɗaya ta tuna ta ɗauko. Maza suka zauna suna jiran layi, ita kuma tana ta ƙara wa kowa.

Madugu ya kira wata guguwa ya ce ta sauke baƙo. Ta naɗe Anaruwa ta dire shi tsakiyar masu shan fura, ba takalmi, ga bishiya a ka. Makaɗi ya yar da ganga. Sarkin Noma Barmo ya dube shi sama da ƙasa, ya lashe ludayi, ya ce, "Anaruwa, gonarka muka zo sharewa, ashe da kanka ya kamata mu fara."

Aka yi ta dariya. Anaruwa ya gode musu da zumunci, ya roƙe su don Allah su mayar da adduna. Ya ba su labari a gurguje, suka ce rana ta taɓa shi. Barmo ya ce haka suka tarar iyaye da kakanni na yi, ba kuma yau za a mayar da gonar mutumin kirki ta malalaci ba. Wasu har sun miƙe sun ɗauki adda.

Anaruwa ya ce, "Baba Barmo, da kana yaro, in an zo gayya gonar nan, a ina kuke zama ku sha fura?"

Barmo ya buɗe baki zai amsa, sai ya ɗaga kai. Rana ce tsaye a kansa, gumi na bin wuyansa, duk faɗin gonar ba inuwar da ta kai ta zauna sai wadda ke kan Anaruwa, kuma shi kansa ya matso cikinta ba tare da ya sani ba. Ya ce a hankali, "A gindin gawo." Ya ajiye addarsa. Sauran suka dubi juna suka ajiye.

Gabas ta riga ta yi baƙi. Anaruwa ya ga rabin da aka share ya yi fari da yawa, ya ruga ya tsaya a tsakiyarsa, ya baza hannuwa, kalgon ya baza rassa. Iska ta kaɗa. Aka ji kamar takun jakuna masu yawa sun rage sauri, sun tsaya. Ɗigo na farko ya sauka a kan ganyen kalgo, ya gangaro ta hancin Anaruwa. Ruwa ya sauko a natse, salka bayan salka, ƙasa na sha tana ƙanshi.

Anaruwa ya faɗi ya yi sujadar godiya. Goshinsa na taɓa ƙasa kalgon ya taka ya sauka, ya kafa saiwa, ya ce masa a sauka lafiya. Da ya ɗago bai ga kowa ba sai Tabawa da ƙwaryarta. 'Yan gayya duk sun watse cikin ruwa, kowa ya nufi gonarsa yana laluben kututturen da addarsa ta manta, har an ji Barmo yana ba wani kututture haƙuri.

Bayan 'yan kwanaki geron kakan Anaruwa ya tsiro, layi-layi, ban da gefen da tururuwa ta kwashe. Tabawa ta kwance zanen tukwanenta ta mayar da su murhu. Hayaƙin Hanyar Zafi yana nan bai gushe ba, ayarin kuma har yanzu yakan makara, shi ya sa Anaruwa ya zama mai yawan magana a rumfar mai shayi da duk inda aka tara mutane, har masu cewa sai haƙuri suka fara sauya wurin zama in sun hango shi. Amma ayarin bai ƙara ɗaukar Gangaren Dashi a matsayin hanya ba.

Gashi dai bai sake fitowa a kan Anaruwa ba. Ranar da ya yi ƙorafi, Tabawa ta shafa tsakar kan nasa ta ce, "Bar shi haka, Maigida. A gidan nan dai a samu fili ɗaya da ya sha sassabe."

Nan labarin ya sauke kayansa, a inuwa.